Babi na Shida: Ƙaya Ba Ta Isa Shaida Ba

A shekarar 1947 wasu likitoci biyu na birnin Lima, Carlos Gutiérrez-Noriega da Guillermo Cruz Sánchez, suka wallafa binciken da suka yi a kan wani tsiro da masu maganin gargajiya na arewacin Peru ke amfani da shi a zaman dare da suke yi wa marasa lafiya. Sun bayyana yadda yake juya tunanin wanda ya sha, da irin gane-ganen da yake sa mutum. Aikin nasu ya yi kyau, sai dai sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya, wato sunan tsiron. Opuntia cylindrica suka rubuta. Sunan ya shiga takardu, wannan ya kwafa daga wancan, har a 1960 wata mujallar kimiyyar sinadarai ta Amurka ta buga rahoton cewa an sami sinadarin meskalin a cikin Opuntia cylindrica.

Tsiron da ke ɗauke da wannan suna yana nan, amma ba shi ne masu magani ke nufi in sun ce San Pedro ba. Jikinsa cike yake da ƙananan ƙulle-ƙulle a jere, yana fitar da 'yan ganyaye sirara masu kakkaɓewa da wuri, furensa ja ne ƙarami. Wata Bafaranshiya mai nazarin alaƙar mutane da tsirrai, Claudine Friedberg, ita ce ta je arewacin Peru ta duba abin da ke hannun masu maganin da idonta, ta bayyana a 1959 cewa Trichocereus pachanoi ne. Daga samfurin da ta kai Faransa ne Jacques Poisson ya tabbatar a 1960 cewa akwai meskalin a cikinsa, sinadarin da Bajamushe Arthur Heffter ya fara tacewa daga wani kaktus mai suna peyote tun 1897.

To, idan ƙwararrun likitoci za su shekara fiye da goma suna kiran tsiro da sunan wani da ko gida ba su haɗa ba, yaya ke nan in aka zo kan 'yan uwansa na jini, waɗanda tsawonsu ɗaya, furensu ɗaya, kuma suna auratayya da juna?

Kafin a kai ga 'yan uwan, akwai tambayar da ta fi kusa da mu: abin da ke tsaye a gabanka, kaktus ne ma kuwa? Duk wanda ya ratsa ƙauyukan tsaunukan Jos ya ga shingen ƙerana, kore, mai kauri, mai ƙaya, babu ganyen kirki. A rubuce-rubuce da yawa kaktus ake ce mata, kuma ba laifin ido ba ne, domin ta yi kama. Amma ƙerana da tinya da aguwa duk 'yan gidan Euphorbia ne. Dangin kaktus na gaskiya, waɗanda yawansu ya kai jinsi 1,500 zuwa 1,800 gwargwadon wanda ya yi ƙidayar, 'yan nahiyar Amurka ne, in ban da jinsi ɗaya tak, Rhipsalis baccifera, mai rataye a jikin bishiyoyi, wanda bayan Amurka ake kuma samunsa a dazuzzukan Afirka da Madagaska da Siri Lanka. Fari da zafin rana ne suka sa dangin nan biyu, kowa a nahiyarsa, suka yar da ganye, suka tara ruwa a jiki, suka yi ƙaya, har suka zama kamar uwa ɗaya ta haife su. Kama da wane dai ba ta wane.

Rabe su ba wuya. Kowane kaktus yana da wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu laushin gashi a jikinsa, masana na ce musu areyol, ni kuwa zan riƙa ce musu ido. Daga cikin idon nan ƙaya ke fita, daga nan fure ke fita, daga nan reshe ke tohowa, kuma babu wani dangin tsiro a duniya da ke da shi. Ƙayar ƙerana bibbiyu take fita daga wani ɗan tauri mai santsi, babu gashi ko ɗaya. Sannan in an ƙwarzane ta, farin nono ne zai tsattsafo nan take. Dogayen kaktus ba su da wannan nonon, ruwansu garai yake, mai ɗan yauƙi. Ba na ba kowa shawarar ya yi gwajin ƙwarzane da hannu tsirara, don nonon Euphorbia yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa yana iya yi masa lahani mai tsanani. Duba idon ya wadatar. A shagunan furanni na ƙasashe da yawa ana jera Euphorbia trigona da Euphorbia ingens a layi ɗaya da kaktus, wani lokaci har da takardar suna ta ƙarya, saboda haka wannan mataki na farko ba na yara ba ne.

Mu ɗauka an ga ido, an tabbata kaktus ne, dogo, miƙaƙƙe. Jikinsa yana da tudu da kwari da suka taso daga gindi zuwa kai, kamar kunyoyin gona da aka tayar tsaye, don haka kunya zan kira kowane tudu. A nan mai kwaikwayon San Pedro na farko shi ne gidan Cereus, wanda ya cika lambunan ƙasashe masu zafi, ana kuma sayar da shi da sunan tuffar Peru. Kunyoyin Cereus sirara ne, kwarin da ke tsakaninsu yana da zurfi, har in ka yanka shi a kwance sai ka ga siffar tauraro mai dogayen hannuwa. Na San Pedro kumburarru ne, masu faɗi, kwarinsu bai yi zurfi ba, yankansa ya fi kusa da da'ira mai lanƙwashe-lanƙwashe. Jikin Cereus kuma yakan yi gaɓa-gaɓa, ya tsuke a inda girman wata shekara ya tsaya. Na biyu shi ne Myrtillocactus geometrizans na Meziko, mai launin shuɗi-shuɗi da kunya biyar ko shida, wanda yana ƙarami yake rikita mutane. Da ya girma sai ya tona kansa: ya yi rassa masu lanƙwasa sama, ya fitar da furanni ƙanana, da yawa daga ido ɗaya, sannan 'ya'ya 'yan mitsi-mitsi masu duhu da mutanen Meziko ke ci.

Fure shi ne babban alƙali a wannan matakin. Furen San Pedro fari ne, ƙato, tsawonsa santimita 19 zuwa 24, yana buɗewa da dare da ƙamshi mai ƙarfi, manyan malam-buɗe-littafi na dare masu dogon baki su zo shan zuma. Furen Cereus ma fari ne, shi ma da dare yake buɗewa. Bambancin yana wuyan furen, wato dogon bututun da ke haɗa shi da jikin tsiron. Na Cereus sumul yake, kusan tsirara. Na San Pedro da 'yan uwansa lulluɓe yake da ɓawo-ɓawo, kuma daga ƙarƙashin kowane ɓawo gashi ne baƙi ko ruwan ƙasa ya fito, har tun furen yana ƙulli za ka gan shi kamar dunƙulen ulu manne a saman tsiron. Wannan gashin ne ya sa wani masanin lambun Palermo a Italiya, Vincenzo Riccobono, ya ware su a gida na kansu a 1909 da sunan Trichocereus, wato Cereus mai gashi. 'Ya'yan itacen ma haka: na Cereus ja ne mai santsi, na Trichocereus kore ne mai gashi, yana tsagewa in ya nuna.

Matsalar ita ce, fure ya kawo ka ƙofar gida, amma ba zai gaya maka sunan wanda ya fito ya tarbe ka ba. Furannin 'yan gidan kusan iri ɗaya ne, kuma kara da aka yanko aka dasa a tukunya yakan yi shekaru bai yi fure ba. Dole mutum ya koma ga jiki da ƙaya, kuma a nan ne gardama take.

Yawancin sunayen da ake gardama a kansu daga littafi ɗaya suka fito. Tsakanin 1919 da 1923 Amurkawa biyu, Nathaniel Britton da Joseph Rose, suka fitar da The Cactaceae cikin juzu'i huɗu, da kuɗin Cibiyar Carnegie. Rose ne mai yawon: ya je Peru da Bolibiya a 1914, ya je Ikwado a 1918. A juzu'i na biyu, na 1920, suka raɗa sunaye uku da har yau suke wahalar da mutane.

Na farko pachanoi, daga yankin Cuenca na Ikwado, an sa masa sunan Abelardo Pachano, malamin aikin gona na Ambato da ya yi wa Rose rakiya. Shi ne San Pedro na ainihi. Tsawonsa mita 3 zuwa 6, yana fitar da rassa daga gindi su miƙe sama kusa da juna, kaurin kowane kara santimita 6 zuwa 15, kunya shida zuwa takwas galibi. Korensa mai duhu ne, sabon toho yakan ɗan yi shuɗi. Idanunsa ƙanana ne, ƙayarsa gajera, wani lokaci sai ka shafa da yatsa kafin ka san tana nan. A saman kowane ido akwai wata 'yar tsaga a kwance, mai siffar tsuntsu a sararin sama in an zana shi da layi biyu. Masu lambu suna son wannan alamar ƙwarai, amma tana bayyana a jikin wasu 'yan uwan ma. Yana rayuwa a tsaunukan Andis tsakanin mita 2,000 zuwa 3,000, kuma abin lura, akasari kusa da gidaje da gefen gonaki da tsofaffin kufai ake ganinsa.

Na biyu peruvianus, wanda Rose ya samo kusa da Matucana, a kwarin kogin Rímac, kan hanyar da ta tashi daga Lima ta haye tsauni. Wannan ya fi kauri, jikinsa shafe da wani kaki mai kama da hoda da ke ba shi launin shuɗi mai toka-toka. Idanunsa manya ne masu gashi ruwan ƙasa, ƙayarsa ta kai santimita 4 ko fiye, tana fitowa da launin zuma ta tsufa ta yi toka. Ba ya son tsayuwa ƙyam kamar ɗan uwansa. A gangaren duwatsun Matucana yakan karkata, ya kwanta, ko ya rataya daga bakin dutse sannan kansa ya sake ɗagowa sama.

Na uku cuzcoensis, daga yankin Cuzco. Ga ido marar sabo, shi da peruvianus abu ɗaya ne: dogo, mai ƙaya ta ban tsoro. Britton da Rose sun ba da alama guda da za a riƙe, kuma tana da amfani: gindin ƙayar cuzcoensis a kumbure yake, yana da ɗan ƙulli a daidai inda ta fito daga ido, na peruvianus kuwa babu. Ƙayoyinsa sun fi yawa a kowane ido, sukan kai goma sha biyu, jikinsa ya fi kore, shuɗin bai kai ba. Abin da ya dagula lamarin shi ne cinikin iri. Shekaru da dama masu sayar da iri daga Peru suna aika wa Turai da Amurka ƙwayoyi da sunan peruvianus, wani lokaci lamba ɗaya a kan iri da aka tattaro daga wurare dabam-dabam, mutane suka shuka, da yawa suka tashi da kumburin gindin ƙaya. Waɗanda suka girma da waɗannan tsirrai a lambunsu suka ɗauka haka peruvianus yake, suka ɗauki hoto, suka koya wa wasu.

Akwai na huɗu da ya girme su a suna, kuma shi ne mai sauƙin ganewa. A 1850 wani basarake Bajamushe mai tara kaktus a fadarsa, Salm-Dyck, ya raɗa wa wani tsiron Bolibiya suna bridgesii don girmama Thomas Bridges, Baturen Ingila mai farautar tsirrai. Yana fitowa a kwaruruwan da ke kewaye da La Paz. Siriri ne a kan sauran, korensa mai haske, kunya huɗu zuwa takwas, idanunsa nesa da juna. Ƙayoyinsa kaɗan ne, biyu zuwa shida, rawaya-rawaya, tsawonsu ba ɗaya ba, wata takan kai santimita 10, kuma sau da yawa sukan sunkuya ƙasa. Can kudu a Tarija akwai scopulicola, wanda Friedrich Ritter ya bayyana, kusan babu ƙaya, idanunsa a nutse cikin kunya. A arewa maso yammacin Ajantina kuma akwai ƙaton gidan, terscheckii, mai gangar jiki kamar bishiya da tsawon da ya kai mita 10. Babbansa ba ya ɓoyuwa, ƙaraminsa a tukunya ne ke shiga cikin rigimar.

In aka karanta bayanan nan a jere sai a ga kamar an gama: gajerar ƙaya pachanoi, doguwar ƙaya da shuɗi peruvianus, kumburin gindi cuzcoensis, siriri mai 'yan ƙayoyi bridgesii. A takarda haka ne. A jikin tsiro kuwa kowace alama a cikinsu tana da halin canzawa.

Ɗauki ƙaya, tunda ita kowa ke fara dubawa. Ɗan tsiron da ya fito daga ƙwaya, ko na wane jinsi ne, cike yake da ƙananan ƙayoyi, sai ya shekara biyu ko uku kafin ya fara nuna halin gidansu. Kara ɗaya, in ka raba shi biyu, ka dasa rabi a rana tsaka rabi a inuwa, bayan shekara za ka rantse ba su san juna ba: na rana ya yi kauri, ƙayarsa ta yi tsawo da ƙarfi, na inuwa ya zama siriri, kore shar, ƙayar ta kusa ɓacewa. A tsoho guda ma ana ganin haka, ƙasan kara da dogayen ƙayoyi masu toka, samansa kusan sumul. Shuɗin jiki kaki ne kawai, ruwan sama na wanke shi, yatsa na goge shi, kuma ba ya dawowa a inda ya goge. Wanda aka yi ta jigilarsa daga hannu zuwa hannu zai iso kore, ko da shuɗi ya baro gida.

Yawan kunya ya fi kowace alama yaudara. Kara yakan fara da shida, ya ƙara ɗaya a tsakiyar tafiya ya zama bakwai, ya kuma yar da ita daga baya, har kana iya ganin inda kunyar ta nutse ta ɓace. Masu magani na Peru sun damu da ƙidayar nan fiye da masana, amma don wani dalili dabam. A kasuwannin Chiclayo da Trujillo, inda ake sayar da guntayen San Pedro a rumfunan masu magunguna, mai kunya huɗu shi ne abin nema saboda ƙarancinsa, ana danganta shi da iskoki huɗu, wato kusurwoyin duniya. Douglas Sharon ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1978 a kan mai magani Eduardo Calderón. A wurinsu ƙidayar tana nuna darajar karan ne, ba jinsinsa ba, kuma a ganina sun fi mai lambun da ke son ya fitar da suna daga lissafi gaskiya.

Sai kuma auratayya. Furen waɗannan tsirrai galibi ba ya karɓar garin namiji daga jikinsa, sai daga wani tsiro dabam, kuma ba ya tambayar jinsi. In pachanoi da bridgesii suka yi fure dare ɗaya a lambu ɗaya, ƙwayar da za ta fito ruwa-biyu ce, ita ma kuma tana haihuwa. Bayan shekaru masu yawa na wannan barbarar yanyawa a lambunan Kalifoniya da Jamus da Ostireliya, kaso mai yawa na abin da ke tukwane ba shi da gurbi a littafin 1920. Tambayar "wane jinsi ne wannan?" wani lokaci ba ta da amsa, don kakanninsa uku ne.

A Amurka akwai wani misali mai ban dariya. Kusan duk San Pedro da ake sayarwa a shagunan lambu can tsiro ɗaya ne, ana ta yanka shi ana dasawa shekara da shekaru, har masu sha'awa suka sa masa laƙabin PC, ma'ana wanda ya mamaye kasuwa. Mutane da yawa da shi suka koyi kamannin pachanoi. Da aka fara kwatanta shi da na Peru da Ikwado sai aka ga ya bambanta: gefen kunyarsa yana da hawa-hawa kamar haƙoran zarto, idanunsa na kallon sama, gashin wuyan furensa ya fi fari da laushi. Marubuci Keeper Trout, wanda ya daɗe yana bin diddigin waɗannan tsirrai, ya yi shakkar ko pachanoi ne na ainihi. Wato ma'aunin da ake auna sauran da shi, shi kansa ana tuhumar asalinsa.

Su ma masanan ba su sauƙaƙa wa kowa ba. A 1974 Heimo Friedrich da Gordon Rowley suka rushe gidan Trichocereus gaba ɗaya suka zuba shi cikin Echinopsis, bisa hujjar cewa furanninsu da ƙwayoyinsu iri ɗaya ne. San Pedro ya koma Echinopsis pachanoi. Da aka zo kan bridgesii sai aka tarar akwai wani ɗan dunƙulen kaktus da ya riga ya mallaki sunan Echinopsis bridgesii, dole aka tono masa wani tsohon suna, ya zama Echinopsis lageniformis. Har yau wanda ya nemi Echinopsis bridgesii yana nufin dogon na La Paz, ɗan dunƙule za a miƙo masa. A 2012 Boris Schlumpberger da Susanne Renner suka binciki ƙwayoyin halittar gidan, suka nuna cewa babban Echinopsis ɗin nan taron tsintsiya ne ba zuriya ɗaya ba, kuma dogon farin furen dare ya ɓullo sau da dama a rassa dabam-dabam. Trichocereus ya dawo, an kuma fitar da terscheckii zuwa gidan Leucostele.

A wannan shekarar dai Sofía Albesiano da Roberto Kiesling suka taɓo wani tsohon ƙulli. Salm-Dyck ya raɗa wani suna a 1850, macrogonus, ga wani tsiro da ake rainonsa a lambu a Jamus ba tare da an san daga inda aka kawo shi ba. Suka ce wannan tsiron shi ne peruvianus, kuma tunda ƙa'idar raɗa suna ta ce wanda ya riga shi ke da gida, macrogonus ne sunan. Suka ƙara da cewa pachanoi ba jinsi ne mai zaman kansa ba, reshe ne na macrogonus. Manyan rumbunan sunayen tsirrai da yawa sun bi su, masu lambu da yawa sun ƙi.

Ni dai hujjarsu ta fi kwanta mini. In ka bi tsaunukan daga kudancin Ikwado zuwa tsakiyar Peru, babu wani kwari da za ka tsaya ka ce daga nan pachanoi ya ƙare peruvianus ya fara. Ƙaya tana tsawo tana gajarta daga gari zuwa gari. Kuma tsiro ne da mutane suka yi shekaru dubbai suna yankowa suna dasawa a bayan ɗaki, wanda guntunsa in ya faɗi ƙasa yake yin saiwa. Ba abin mamaki ba ne in hannun mutum ya riƙa zaɓen marar ƙaya, mai sauƙin ɗauka, har ya zama shi ne na gida, mai ƙayar ya zauna a gangaren dutse. Ƙari a kan haka, kaktus ba ya son ma'ajiyar busassun tsirrai. Ganyen kuka ko na tsamiya ka danne shi a takarda ya bushe da siffarsa. Kara mai kaurin cinya cike da ruwa sai an yanyanka shi, in ya bushe ya ƙanƙance, launi ya tafi, kaki ya tafi. Wasu masu raɗa suna, irin su Curt Backeberg da ya fitar da juzu'i shida tsakanin 1958 da 1962, sun yi ƙaurin suna wajen raɗa sababbin jinsuna ba tare da ajiye samfurin da na baya zai duba ba. Shi ya sa mai nazari na gaske ya fi daraja takardar da ta ce "an ɗebo shi a kwari kaza, tsayi kaza, shekara kaza" a kan wadda ta ɗauko dogon sunan Latin babu wuri.

Da yawa daga masu wannan tambaya ta suna, in za a faɗi gaskiya, ba Latin ne ya dame su ba. So suke su san ko tsiron na da ƙarfi. A nan ma kamanni bai amsa ba. A 2010 masu bincike a Jami'ar Sul Ross ta Texas, Olabode Ogunbodede da Martin Terry da abokan aikinsu, suka auna meskalin a koren ɓawon samfura goma sha huɗu na wannan gida bayan an busar. Sakamakon ya tashi daga kashi 0.053 cikin ɗari zuwa kashi 4.7, tazarar kusan ninki casa'in, kuma waɗanda ke ɗauke da suna ɗaya ma sun yi nisa da juna. Wanda ya dogara da tsawon ƙaya ko shuɗin jiki don ya san abin da ke ciki, caca yake yi da lafiyarsa, ban da amai da bugun zuciya da rikicewar tunani da sinadarin ke kawowa ko da an san yawansa. Doka ma ta raba tsiron da abin da ke cikinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa meskalin a jerin farko na abubuwan da aka haramta, ba ta ambaci kaktus ɗin ba, shi ya sa a ƙasashe da yawa shuka shi don ado halal ne a doka, sarrafa shi don sha laifi ne. Fitar da shi daga ƙasa zuwa ƙasa kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin dawa, kamar kusan dukkan danginsa.

A Peru lissafin dabam ne. Tun 1653 malamin Katolika Bernabé Cobo ya rubuta labarin tsiron da sunan achuma, ya ce da shi Shaiɗan ke ruɗin mutanen ƙasar, duk da ya yarda ana magani da shi. Wa'azin bai kashe al'adar ba, sai ma ta ɗauki sunan waliyyin Kirista, wato San Pedro, ta ci gaba. Har yau masu magani na kai marasa lafiya tafkunan Las Huaringas da ke saman Huancabamba a jihar Piura, kuma a Nuwamban 2022 Ma'aikatar Al'adu ta Peru ta ayyana ilimin amfani da San Pedro a maganin gargajiyar arewacin ƙasar a matsayin gadon al'umma. Sunayen da suke kiransa da su, huachuma, achuma, gigantón, aguacolla a Ikwado, ba su bi iyakokin Britton da Rose ba. Achuma a La Paz bridgesii ne, a wani wurin kuma pachanoi.

Hoto mafi shahara na wannan tsiro yana Chavín de Huántar, wani tsohon wurin ibada a jihar Ancash, sama da mita 3,000 a kan tsauni, wanda ya bunƙasa a cikin shekaru dubu na ƙarshe kafin haihuwar Annabi Isa. A farkon shekarun 1970 mai binciken kufai Luis Lumbreras ya tono wani fili mai da'ira da ke nutse a ƙasa, bangonsa jere da sassaƙaƙƙun duwatsu. A jikin ɗaya akwai wani mai siffar mutum, da fiƙoƙi a baki, da farata, da macizai a maimakon gashi, riƙe da karan kaktus a hannun dama kamar sanda. Masassaƙin ya fitar da kunyoyin sarai, huɗu ake gani, amma dutse fuska ɗaya yake nunawa, don haka masu cewa mai kunya huɗu ne da masu cewa rabin mai bakwai ko takwas ne aka zana duk suna da abin riƙewa. Bai sassaƙa wuyan fure ba, bai nuna gindin ƙaya ba. Kaktus ɗin da ke tsirowa a kewayen kufan a yau, wasu na rubuta masa pachanoi, wasu peruvianus, wasu kuma santaensis, sunan da Werner Rauh da Backeberg suka raɗa wa na kwarin kogin Santa da ke ƙetaren tsaunin. A lissafin Albesiano da Kiesling, biyun farko jinsi ɗaya ne.